Tasirin adireshin ".ng" a binciken Google

Adireshin intanet na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wato abu.edu.ng, yana ƙarewa ne da ".ng", alamar Najeriya wadda ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ke kula da ita.

Google dai na ɗaukar wannan alama a matsayin shaidar cewa don 'yan Najeriya aka buɗe shafin, abin da kan taimaka masa fitowa gaba idan an yi bincike daga cikin ƙasar.

Sai dai idan ɗan kasuwa a Sabon Gari ya sanya bayani iri ɗaya a adireshin ".com" da na ".ng", Google kan zaɓi ɗaya ya nuna, kuma ba lallai ne wanda mai shafin ke so ba.

Mafita ita ce umarnin karkatarwa mai lamba 301, wanda ke tura masu ziyara da Google zuwa adireshi guda na dindindin.