Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa na Dare a Landan

Hausawa na cewa dare mahutar bawa, amma a manyan birane akwai mutanen da sai tsakar dare suke tashi daga aiki. Ma'aikatan jinya, masu dafa abinci, masu gadi da masu share ofisoshi duk suna cikinsu. Babbar damuwarsu ita ce yadda za su koma gida lafiya, kuma cikin sauƙi.

Birnin Landan na ƙasar Ingila shi ne ya fara buɗe hanyar jirgi a ƙarƙashin ƙasa, a shekarar 1863. Bisa al'ada, jiragen sukan daina aiki jim kaɗan bayan sha biyun dare, sai da asuba su sake fita. Dalili kuwa shi ne gyara. Yawancin layukan hanya biyu kawai gare su, ta tafiya da ta dawowa. Masu gyara ba za su iya shiga rami ba sai an tsayar da jirage, an kuma kashe wutar lantarki. A birnin New York na Amurka, layuka da yawa suna da hanya huɗu. Ana iya gyara wata yayin da jirage ke bin wata, shi ya sa suke aiki dare da rana.

A ranar 19 ga Agusta, 2016, Landan ta fara gudanar da jiragen dare a ƙarshen mako, wato daren Juma'a da daren Asabar. An fara da layin Central da na Victoria. Kafin shekarar ta ƙare aka ƙara Jubilee da Northern da Piccadilly. Jirgi yakan zo kusan kowane minti goma. Sauran darare biyar kuma an bar wa masu gyara. Annobar korona ta sa an dakatar da aikin a watan Maris na 2020, sannan aka soma dawo da shi a watan Nuwamba na 2021.

Tafiyar dare tana bukatar lura. Ba kowane layi ne ke aiki ba, don haka matafiyi ya bincika kafin ya fita. Ya zauna a tarago mai mutane, ya kuma riƙe jakarsa da kyau. Kada ya yi barci, domin jirgi zai iya wuce tasharsa ya kai shi ƙarshen layi. Idan wani ya tsangwame shi, zai iya aika wa 'yan sandan jiragen ƙasa saƙon waya ta lamba 61016.

Tambayoyi

1. Me ya sa jiragen Landan suke tsayawa da dare?
2. Waɗanne layuka ne suka fara aikin dare?
3. Kawo abubuwa biyu da ya kamata matafiyin dare ya kiyaye.