Berthold Wolpe, Muhajirin da Ya Ƙera Haruffa

Wanda ya ga mutanen ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ta'adin 'yan bindiga ya kora zuwa Funtuwa ko Katsina ya san cewa manomi ya fi kowa tagayyara a gudun hijira, domin gona ba ta ɗaukuwa, alhali maƙeri da maɗinki suna sauka duk inda suka sauka da sana'arsu a hannu. Cikin irin waɗannan na biyu za a lissafa Berthold Wolpe, Bayahuden Jamus da aka haifa a Offenbach cikin 1905, wanda ya soma da aikin ƙarfe, sa'an nan ya yi almajiranci a gaban Rudolf Koch, shaihin masu kyan rubutu na zamaninsa.

Da ya ziyarci Landan a 1932, Stanley Morison na kamfanin Monotype ya ga hotunan rubutun da ya fitar a jikin tagulla, ya nemi ya mai da shi haruffan ɗab'i. Asalin salon haruffan da ake kira Albertus ke nan, wanda har yau da shi ake rubuta sunayen tituna a tsohon birnin Landan.

A 1935 hukumar Nazi ta haramta masa sana'a saboda nasabarsa, ya yi hijira zuwa Ingila. Amma da Yaƙin Duniya na Biyu ya tsananta a 1940, sai Turawan Ingila suka tsare shi suka aika da shi sansani a Ostireliya bisa hujjar cewa Bajamushe ne, mutumin da Jamus ta kora don ta ƙi yarda cewa nata ne! Ya komo a 1941, ya shiga maɗaba'ar Faber and Faber, inda ya zauna har 1975, ya tsara bangon littattafai fiye da 1,500.

A nan, a ganina, fifikonsa yake, domin sau da yawa bai nemi hoto ya ƙawata bango ba, harafin da ya ja da hannunsa da launi biyu ko uku sun wadatar, kamar yadda marubutan Alƙur'ani na ƙasarmu ke wadatuwa da tawada da zayyana ba tare da surar mai rai ba. Ingila ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 1947, ya rasu a Landan cikin 1989.