Kare Kifin Tafki daga Mafarauta ba tare da Kisa ba: Misali daga Boɗinga da Shagari

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da fadamun Boɗinga da Shagari ke ƙafewa, ƙaramin tafkin da manomi ya haƙa a garkarsa domin kiwon tarwaɗa yakan zama ɗaya daga cikin 'yan wuraren da ruwa ya rage. Nan zalɓe da shirwa da guza da macizai ke taruwa. Abin da mai tafki ya fi saurin yi shi ne ɗana tarko ko zuba guba a nama, kuma wannan kuskure ne mai tsada.

Guba ba ta zaɓen wanda za ta kashe. Mushen da ta bari yakan halaka karnuka da ungulu, alhali tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sanya ungulun da aka saba gani a mahautanmu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Haka nan ana yawan kashe damo, sarkin haƙuri, a kan laifin guza, duk da cewa Bahaushe ya bambanta su tun a suna: guza ne ma'abocin ruwa, damo kuwa ɗan tudu ne mai cin ƙwari da dodon-koɗi.

Kariya mai ɗorewa tana farawa ne daga sanin yadda kowane mafarauci ke kamu. Zalɓe a tsaye yake farauta cikin ruwa marar zurfi, saboda haka tafki mai miƙaƙƙen gefe, wanda zurfinsa ya kai mita 1, yana hana shi wurin tsayawa. Shirwa daga sama take fyauce, maganinta raga. Sai dai a nan ake yawan kuskure: tsohuwar komar masunta mai siririn zare, idan aka shimfiɗa ta sako-sako, takan sarƙe tsuntsu ya mutu a rataye. Ragar da ta dace ita ce mai kaurin zare da ƙananan idanu, a ɗaure ta tamau a kan sanduna, sama da fuskar ruwa. Guza kuwa yana tono, yana kuma hawa, don haka shingen waya sai an binne gindinsa, an karkata bakinsa waje. Mutum-mutumi ba ya daɗewa yana aiki. Tsuntsaye kan saba da shi.

Wani ɓangare na asarar ma ba daga waje yake zuwa ba. Tarwaɗa na cin 'yan'uwanta, kuma idan ba a riƙa tace 'ya'yan kifi ana ware manya daga ƙanana a makonnin farko ba, adadinsu zai ragu ko da tsuntsu bai taɓa sauka a bakin tafkin ba.