Yadda Mayaƙan Sifen Suka Zama Iyayen Ƙasa A Meziko Da Peru

Yawancin mayaƙan Sifen da suka ci Meziko a 1521 ba su da wata dukiya a gida. Ladan da aka ba su kuwa mutane ne: garuruwan da za su riƙa biyansu haraji, suna yi musu aikin tilas. Madugunsu Kotes, sarauta aka naɗa masa a 1529, da talakawa 23,000.

Ganin ƙarfinsu na neman wuce gona da iri, sai Sarkin Sifen ya hana gadon garuruwan a 1542. Turawan Peru suka yi bore. Tilas ya janye hanin a 1545, amma duk da haka sai da suka kashe wakilinsa a 1546.

Da annoba ta rage talakawa, haraji ya ja baya, sai masu hali suka koma mamaye ƙasar kanta, suna kafa manyan gandaye.