Shago babu takarda: Tarkon doka da ke jiran ma'aikatan gwamnati masu ƙananan sana'o'i

Idan aka tashi daga aiki da yamma a Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, ba kowa ne ke zarcewa gida ba. Da yawa daga cikin masu cika motocin Kubwa, Lugbe, Nyanya da Gwagwalada suna da inda za su fara yada zango. Wani gidan burodi gare shi, wata shagon ɗinki, wani ya kafa rumfunan POS uku a bakin titi, wata kuma ta buɗe makarantar yara a bayan gidanta. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, albashi ya daina kai mutane da yawa ƙarshen wata, ƙaramar sana'a kuma ita ke cike giɓin.

Abin mamaki shi ne, mutumin da ya yini cikin fayil, wanda ya san ba a ɗaukar ma'aikaci ko a ladabtar da shi sai da takarda, da zarar ya isa shagonsa sai ya ajiye wannan ilimin a bakin ƙofa. Yaron shagon ɗan ƙanwar abokinsa ne. Da baki aka ɗauke shi, da baki aka yanka masa albashi, ranar da aka saɓa kuma da baki za a ce ya tattara nasa ya nasa. Ana kiran wannan amana, tana kuma tafiya lafiya har zuwa ranar da kuɗi suka ɓace, ko inji ya cinye wa wani yatsu. A ranar ce mai shago ke gane cewa doka ta daɗe da sanin da zamansa.

Binciken da Hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka gudanar ya nuna akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i sama da miliyan 39 a Nijeriya zuwa ƙarshen 2020. Dokokin ƙwadago sun hau kan duk mai ɗaukar ma'aikata a cikinsu. Amma ma'aikacin gwamnati yana da ƙarin nauyin da sauran 'yan kasuwa ba su da shi.

Tarkon farko yana cikin Kundin Tsarin Mulki

Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ta hana jami'in gwamnati mai aikin cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na ƙashin kansa, ko shiga cikin tafiyar da shi. Noma kaɗai aka ware. Ƙa'idar ba ta hana mallakar hannun jari ba. Abin da ta hana shi ne mutum ya zama shi ke juya akalar kasuwancin. Wanda ya zuba jari ya koma gefe yana jiran rabon riba, matsayinsa daban ne da na wanda ke ɗaukar ma'aikata, yana sa hannu a takardun banki, yana zama kan lissafi kowane dare.

Dabarar da aka saba ita ce a yi rajista da sunan mata ko ƙane. Idan da gaske matar ce ke tafiyar da shagon, sana'arta ce, babu mai hana ta. Idan kuwa suna kawai aka ara, sakin layi na 13 na wannan jadawali ya riga ya toshe ƙofar, domin ya ɗauki duk abin da jami'i ya aikata ta hannun wakili tamkar shi ya aikata da kansa. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata tana da ikon raba mutum da kujerarsa, ta kuma hana shi riƙe muƙamin gwamnati har tsawon shekara goma. Ga kuma bayyana kadarori da ake yi wa Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata duk bayan shekara huɗu, inda ɓoye hannun jari ke zama wani laifin na daban.

Hadimin da ke karɓar albashi daga baitulmali shi ma ya kamata ya sake karanta takardar naɗinsa, ya ga ko na cikakken lokaci ne. Wannan kalma guda ce ke raba wanda haramcin ya hau kansa da wanda bai hau ba.

Sunan kasuwanci ko kamfani?

Mutane da dama na rataye takardar shaidar Hukumar CAC a bango suna ganin sun gama. Sai dai rajista iri-iri ce. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, a idon doka shi da shagon abu ɗaya ne. Idan shagon ya ci bashi, ko kotu ta ce a biya wani ma'aikaci, ana iya bin motarsa da filinsa. Kamfani kuwa mutum ne mai zaman kansa a wurin doka, kuma asarar mai hannun jari a bisa ƙa'ida ba ta wuce abin da ya ɗauki alkawarin zubawa ba.

Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan shekarar, ta sauƙaƙa wannan hanya. Mutum ɗaya na iya kafa kamfani shi kaɗai, kuma ba dole ne ƙaramin kamfani ya naɗa sakatare ba. Ga ma'aikacin gwamnati, kamfani ne ke ba da damar raba mai jari da mai gudanarwa a rubuce: shi ya tsaya a mai hannun jari, wani ya zama darakta na gaske. Abin da ake yawan mantawa shi ne rahoton shekara-shekara da ake miƙa wa CAC. Tarar jinkiri tana taruwa a ɓoye, sai ranar da ake neman rancen banki ko kwangila ta fito fili.

Takardar da ake bin mai shago cikin wata uku

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayani kafin ya wuce wata uku da fara aiki. Abin da ake so a ciki bai fi shafi guda ba: sunayen ɓangarorin biyu, irin aikin, ranar farawa, albashi da lokacin biyansa, awannin aiki, hutu, abin da za a yi idan rashin lafiya ta zo, da kuma tsawon notis ɗin rabuwa. Rashin wannan takarda ba ya soke yarjejeniya. Ta baki ma yarjejeniya ce, sai dai idan an je gaban alƙali, mai shagon da ba shi da abin nunawa zai sha wuyar kare kansa.

Dokar ta kuma ajiye ma'aunin da ba a sauka ƙasa da shi. Ma'aikaci na da hutun kwana ɗaya a cikin kowane kwana bakwai. Wanda ya cika wata 12 yana da hutun shekara na aƙalla ranakun aiki shida da albashinsa. Akwai hutun jinya har ranakun aiki 12 a shekara idan likita ya tabbatar. Mace mai juna biyu tana da mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki, kuma ba a ba ta notis ɗin sallama tana cikin wannan hutu. Ma'aikaciyar tarayya da ta ci hutun haihuwa wanda ya fi haka tsawo, da cikakken albashi, ita ce wani lokaci ke maye gurbin mai yi mata ɗinki tun kafin a yi suna.

Inda aka fi taka doka shi ne yankan albashi. A shaguna da yawa makara tana da farashi, fasa kwalba yana da nasa, giɓin ciniki kuma daga albashi ake cire shi. Sashe na 5 ya haramta cin ma'aikaci tara. Idan ganganci ko sakacinsa ya jawo asara, ana iya cire abin da ya dace, amma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tukuna. Kuma jimillar abin da za a cire a wata ba za ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin ba. Mai ɗaukar N60,000 ke nan ba za a taɓa masa fiye da N20,000 ba.

Wannan kariya ta masu aikin ƙarfi ce da ƙananan ma'aikatan ofis. Dokar ta cire manajoji da ƙwararru da kuma iyalin mai sana'a daga ma'anar ma'aikaci. Su waɗannan abin da aka rubuta tsakaninsu da mai aiki shi ne madogararsu, abin da ya ƙara wa takarda muhimmanci. Yaron da aka kawo koyon sana'a shi ma dokar ta ce a rubuta yarjejeniyarsa, jami'in ƙwadago ya shaida, kada kuma ta wuce shekara biyar.

Ƙirga kawuna kafin ƙirga riba

Wasu nauye-nauyen suna zuwa ne gwargwadon yawan ma'aikata. Mafi ƙarancin albashi na N70,000, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024, bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka nan masu aikin kamasho ko na ɗan lokaci. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta tsarin fansho ga mai ma'aikata 15 zuwa sama: mai aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8, a tura cikin ranakun aiki bakwai da biyan albashi, tare da inshorar rai da ta kai ninki uku na albashin shekara. Makaranta mai zaman kanta ko masana'antar ruwan leda kan tsallake wannan adadi ba tare da mai ita ya lura ba. Ga masu ƙananan wurare da masu aikin kansu, Hukumar PenCom ta buɗe tsarin fansho na sa-kai tun 2019.

Akwai kuwa dokar da ba ta jiran adadi. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta hau kan duk mai ɗaukar aiki, ko da mutum ɗaya ya ɗauka, har da ɗan koyo da mai aikin wucin gadi. Ana biyan Asusun NSITF kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin wata, daga aljihun mai aiki, an kuma hana cire shi daga albashin ma'aikaci. Gidan burodi mai ma'aikata huɗu, kowanne a kan N50,000, zai biya N2,000 ne a wata. Idan injin murza fulawa ya kama hannun ɗayansu, asusun ne ke ɗaukar jinya da diyya, doka kuma ta wajabta wa mai aiki ya kai rahoto cikin kwana bakwai. Wanda bai yi rajista ba zai fuskanci kuɗin asibiti da iyalin yaron da kuma hukuma shi kaɗai.

Harajin albashi ma yana da nasa sirrin a Abuja. Ana biyan sa ne ga jihar da ma'aikaci ke zaune, ba inda shagon yake ba. Ma'aikacin da ke kwana a Mararaba ko Masaka, harajinsa na Nasarawa ne. Na Suleja ko Madalla na Neja ne. Na Kubwa kuma na Hukumar Harajin Babban Birnin Tarayya. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a watan Janairun 2026 ta ɗauke haraji daga N800,000 na farko na kuɗin shigar shekara, don haka yawancin yaran shago ba za a cire musu komai ba. Duk da haka, littafin albashi ne kaɗai zai tabbatar da hakan ranar da jami'an haraji suka zo.

Ranar rabuwa

Sashe na 11 ya tsara notis daki-daki: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Notis na mako ɗaya ko fiye dole ya zama a rubuce, ana kuma iya biyan kuɗi a madadinsa. Babban laifi kamar sata na iya sa a sallami mutum nan take, amma hikima ita ce a yi abin da aka saba a ofis: takardar tuhuma, amsa a rubuce, sannan hukunci.

Maimakon haka, masu shago da yawa ofishin 'yan sanda suke nufa, musamman waɗanda ke da wanda za su kira a waya. Sata mai hujja aikin 'yan sanda ce. Bashi, ko barin aiki ba sallama, ko saɓa alkawari, ba nasu ba ne. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Babban Birnin Tarayya, da Dokar 'Yan Sanda ta 2020, duk sun hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya, sun kuma hana kama wani a madadin wanda ake zargi. Tsare uban yaro ko wanda ya tsaya masa don ya fito da shi na iya komawa ƙarar tauye haƙƙi, kuma kotuna sun sha ɗora diyya a kan 'yan sanda tare da wanda ya turo su.

Rigimar aiki gidanta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Gyaran Kundin Tsarin Mulki na uku na 2010 ya ba ta, a sashe na 254C, keɓantaccen hurumi kan duk abin da ya shafi ƙwadago, tare da ikon duba rashin adalci a wurin aiki da kuma ƙa'idojin ƙasa da ƙasa. A hukunce-hukunce da dama ta nuna cewa bai isa a ce an biya notis ba, tana so ta ji dalilin kora. Tana kuma da cibiyar sasanci ga waɗanda suka fi son a kashe magana ba tare da doguwar shari'a ba.

A nan ne tarkunan biyu ke haɗuwa. Ma'aikacin da aka kora ba bisa ƙa'ida ba zai kai ƙarar wanda ya ɗauke shi, zai kuma kawo saƙonnin WhatsApp da shaidar turo albashi daga asusun oga. Waɗannan hujjoji da za su ci masa shari'ar albashin wata biyu, su ne za su nuna wa duk mai son rubuta ƙorafi cewa wani jami'i mai aikin cikakken lokaci ne ke tafiyar da shagon. Rigimar N100,000 na iya taɓa aikin shekara 20 da fanshon da ke bayansa.

Gyaran bai kai tsadar ɓarnar ba. Manaja na gaske wanda sunansa ke kan takardun CAC da na banki, takardar ɗaukar aiki mai shafi guda ga kowane ma'aikaci, littafin albashi da ake sa wa hannu, rajistar NSITF, da zama ɗaya da lauya kafin a buɗe ƙofa. Ofishin ƙwadago na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya yana nan don shaida yarjejeniya da sasanta saɓani, kuma da yawa daga cikin masu shagunan suna wuce ƙofar ma'aikatar kowace safiya a kan hanyarsu ta zuwa ofis.