Daga Kance zuwa Sarsuf: matan da ke tare hanyar masu safarar mutane

Masu karatu na nan Tamanrasat da na ƙetaren iyaka. Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan makon, saboda wanda aiki ya hana shi zama kusa da rediyo.

In kun taɓa bi ta Sarsuf ko Tahagart da sassafe, kun san hoton: mace da goyo, yara biyu ko uku riƙe da roba, suna jin Hausa tas. Da yawansu daga yankin Kance suke, a jihar Damagaram. Wasu 'ya'yan matar ne na cikinta. Wasu kuwa aro ne, ko in faɗi gaskiya, haya. An karɓo yaro daga hannun uwarsa da alkawarin za a riƙa aiko mata da wani abu, an biya masa mota, shi kuma ya wuni yana bara don a fanshe kuɗin.

To, a nan ne ake yawan rikita abu biyu. Direban da kuka biya ya tsallakar da ku iyaka ba da takarda ba, fasa-ƙwaurin matafiya ya yi, kuna sauka kun rabu. Safarar mutane kuwa ba ta ƙarewa da saukar mota. Yarjejeniyar Palermo ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shekarar 2000, ta zana ta da abu uku: a ɗauko mutum ko a ajiye shi, a yi haka da yaudara ko tilas ko cin gajiyar rauninsa, sannan manufar ta zama cin guminsa, ko bara ce, ko aikatau ba lada, ko karuwanci. In yaro ne da bai kai 18 ba, ba a ma tambayar ko an yaudare shi. Ko da uwarsa ta ce ta amince, laifin yana nan.

Kun tuna watan Oktoban 2013? Motoci biyu suka lalace a sahara bayan sun bar Arlit, aka tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ta kashe su. Ku dubi lissafin da kyau, fiye da rabi yara ne. Daga Disambar 2014 aka fara kwashe 'yan Nijar daga Aljeriya ana mayar da su gida bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu. Amma ga shi har yau hanyar ba ta mutu ba, don abin da ya fitar da mace daga gida yana nan: gona ta yi kaɗan, damina ba tabbas, ga bashi.

Doka kam akwai. Nijar ta yi tata a Disambar 2010, ta kuma kafa hukumar ANLTP. Aljeriya ta sa laifin a kundin hukuncinta a 2009, ta ƙara doka ta musamman a 2023. Sai dai doka ba ta shiga ɗaki. Yarinyar da aka karɓe wa waya, aka ce ana bin ta kuɗin mota da na ɗaki da na abinci, ba za ta tunkari ɗan sanda ba, don ta san ba ta da takardar zama, kuma ta ji labarin waɗanda aka sauke a sahara suka taka wajen kilomita 15 zuwa Asamaka. Wa za ta gaya wa? Mai kitso. Ungozoma. Matar da suke ɗiban ruwa tare. Shi ya sa muka ce ƙungiyar mata tana kaiwa inda hukuma ba ta kaiwa.

Kada ku ɗauka magana ce ta fatar baki. A Najeriya, ƙungiyar WOTCLEF da Hajiya Titi Abubakar ta kafa a 1999 ita ta tura ƙudirin da ya zama doka a 2003, wadda ta haifi hukumar NAPTIP. A Maradi kuma, a 1991, aka fara Mata Masu Dubara da taimakon CARE: mata su haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da ta iya a asusu, mai bukata ta ranta ta juya ta mayar. Ba don yaƙi da safara aka kafa ta ba, amma ku yi tunani. Matar da za ta iya rancen kuɗin iri ko na awaki biyu daga asusun 'yan uwanta, da wuya ta miƙa ɗanta ga mai zuwa da alkawari. Yau tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Can waje ma haka ne, tun 2009 mata masu hidimar cocin Katolika suka haɗa kansu a ƙungiyar Talitha Kum, suna aiki iri ɗaya a nahiyoyi daban-daban.

To yaya za mu mara musu baya? Na farko, maigida, in matarka ta ce za ta taron asusu ko na faɗakarwa, ka bar ta, in da hali ka cika mata zubin mako. Na biyu, masu aika kuɗi gida daga nan, ku tambaya ko akwai ƙungiyar mata a garinku, ku ware musu wani abu, ku kuma nemi su nuna muku littafin lissafi. Ƙungiyar kirki ba ta jin haushin wannan tambaya. Na uku, malamai da masu unguwa, ku ba su wuri su yi magana a wajen suna da biki, inda dillalan suke farautar 'yan mata. Na huɗu, wadda ta dawo hannu rabbana, a daina yi mata gori. Gorin nan shi ke sa ta sake hawa mota, wani lokacin har da 'yar maƙwabciya.

Ke kuma 'yar uwa, in aka zo miki da zancen aiki a Aljeriya ko Libiya, ki tambaya: aikin mene ne, gidan wa, nawa ne lada, wa ya biya motar, kuma nawa za a ce kin ci bashi? In aka ce "sai mun isa", ki tsaya. Ki gaya wa wata babba a ƙungiyarku kafin ki ɗaure kaya.

Ranar 30 ga Yuli ce ranar yaƙi da safarar mutane ta duniya, Nijar kuma tana da tata ranar 28 ga Satumba. Kafin su zo, muna son jin ƙungiyoyin matan da ke aiki a unguwanninku. Ku aiko mana, ba sai kun faɗi sunan kowa ba. Allah ya tsare mana zuri'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.