Tiyatar rage ƙiba: Aikin da ke jiran mutum a gida kafin ya isa ɗakin fiɗa

A yankin Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, idan aka ɗauko zancen abinci da lafiya, yunwa ce ke fara zuwa a rai. A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya sun auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka tarar kashi 27 cikin 100 na fama da tamowa.

A irin wannan wuri, wanda ƙiba ta dama ba ya samun mai jin kukansa. Idan ɗan kasuwa ya ajiye teɓa, sai a ce arziki ya zauna. Idan amarya ta cika ta yi ɓul-ɓul, sai a yaba wa ango da iya kiwo. Amma a gidajen da ake yi wa wannan kallo akwai masu kwana suna minshari har numfashi ya riƙa ɗaukewa, da masu yin sallah a kan kujera saboda gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, da waɗanda ciwon suga da hawan jini suka haɗe musu tun ba su kai shekara hamsin ba.

Lamarin bai tsaya a Zamfara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da ƙibar da ta zama cuta. Wasu daga cikin masu hali sun fara jin labarin tiyatar da ake rage tumbi, wadda galibi ake nema a asibitocin kuɗi na Abuja da Legas, ko a tafi Masar da Indiya da Turkiyya, a kashe miliyoyin naira. Abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne, babban ɓangaren aikin a gida ake yin sa, watanni kafin a sayi tikitin jirgi.

Mece ce tiyatar, kuma wa ta dace da shi?

Da farko, ya kamata a bambanta ta da zuƙe kitse. Zuƙe kitse aikin gyaran sura ne, ba ya taɓa tumbi, ba ya kuma maganin ciwon suga. Bayan irin wannan aiki ne uwargidan tsohon shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a Marbella ta ƙasar Sifaniya a watan Oktoban 2005.

Tiyatar rage ƙiba kuwa iri biyu ce ta fi yawa. A ta farko, likita kan yanke kimanin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi ya cire, ya bar wani siriri mai kama da ayaba. Sashen da ake cirewa shi ne ke samar da mafi yawan sinadarin da ke sa mutum jin yunwa, don haka sha'awar abinci kan ragu. Ta biyu ita ce baifas, kamar dai hanyar da ke kewaye gari: a ware 'yar ƙaramar jaka a saman tumbi a haɗa ta da hanji, abinci ya riƙa tsallake ragowar tumbin. Wani likitan Jami'ar Iowa a Amurka, Edward Mason, shi ne ya fara irin wannan a tsakiyar shekarun 1960.

Likitoci na amfani da ma'aunin BMI wajen tantancewa: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau kansa. Mai tsawon mita 1.65 da nauyin kilo 110, ma'auninsa ya ɗan haura 40. Tun 1991 ƙa'idar ita ce 40, ko 35 idan akwai wata cuta tare da ƙibar. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta zuwa 35, ko daga 30 ga mai ciwon suga da makamantansa. Wanda bai kai nan ba, ba wuƙa ce maganinsa ba.

Fura ba ta jin tsoron ƙaramin tumbi

Bayan aiki, tumbin da a da yake ɗaukar malmala uku zai koma ba ya ɗaukar abin da ya wuce rabin kofin shayi a makonnin farko. Mutane da yawa na jin haka sai su ɗauka magana ta ƙare. A nan ne kuwa ake faɗawa rami.

Ƙaramin tumbi na iya hana tuwo da hoce da waina wucewa da yawa. Ba ya iya hana ruwa. Fura da nono da aka zuba wa suga, kunun zaƙi, shayi mai kauri da madarar gwangwani, lemon kwalba, zoɓo mai zaƙi, duk suna zurarewa ba tare da mutum ya ji ya ƙoshi ba. Wanda ya saba da kwanon fura bayan azahar da kwalba biyu ta lemo a rumfar kasuwa, zai iya mayar da ƙibarsa cikin 'yan shekaru alhali an yanke masa kashi huɗu cikin biyar na tumbi.

Kwalbar lemo ta rabin lita na iya ƙunsar kusan giram 50 na suga, wato kimanin ƙaramin cokali 12. Wannan kuwa shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata babba ya wuce ba a yini guda. Harajin naira 10 a kan kowace lita da gwamnatin tarayya ta sanya wa irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021 bai hana kowa sha ba. Ga wanda aka yi wa baifas, zaƙi na da wani hukunci na nan take: sugan kan afka cikin hanji da sauri, sai zufa ta karyo, zuciya ta riƙa bugawa, jiri da gudawa su biyo baya.

Shi ya sa ake so mutum ya rabu da zaƙi tun yana da cikakken tumbinsa. Wanda ya kasa yin wata uku babu lemo kafin aiki, ba abin da wuƙa za ta sauya a harshensa.

Sai kuma tsarin cin kansa. A al'ada, tuwo ne abinci, miya da nama 'yan rakiya ne. Mai shirin tiyata dole ya juya wannan: ya fara da abin da ke gina jiki, kamar wake, ƙwai, kifi, kaza, awara, nono marar suga, sannan ganye irin zogale da rama da tafasa, tuwo ya zo a ƙarshe idan da sauran wuri. Bayan aiki jiki na buƙatar aƙalla giram 60 na sinadarin gina jiki a kullum, kuma tumbin da ya cika da tuwo ba shi da inda zai sa su. Abin sha'awa a nan shi ne, kusan duk waɗannan ana samun su a kasuwannin Kaura da Shinkafi, har da na ƙauyuka irin su Galadi, ba sai an yi odar komai daga waje ba. Sai dai kwaɗon zogalen ma a yi hattara da yawan ƙuli da mai, man shanu kuma a auna shi da cokali.

Akwai wasu ƙananan halaye da ke da wuyar koyo fiye da yadda ake zato. Loma ƙarama, a tauna ta har ta yi laushi, cin abinci ya ɗauki minti 20 zuwa 30. Ba a haɗa ci da shan ruwa, sai an ba da tazarar kamar rabin sa'a. Ruwan kuma kurɓa-kurɓa ake yi duk yini, ba kwankwaɗa ba, abin da ke da muhimmanci ƙwarai a zafin watan Afrilu na Zamfara, inda ƙishirwa kan kai mai sabon aiki gadon asibiti.

Kwano ɗaya, hannu da yawa

Duk waɗannan ƙa'idoji an tsara su ne a ƙasashen da kowa ke cin abinci a farantinsa. A ƙasar Hausa kuwa ci na taro ne. A zaure ko a majalisa, tire ɗaya ake kewayewa, mai tauna loma sau ashirin zai ɗaga kai ya ga an suɗe kwano. Wanda ya ware nasa ɗan faranti za a ce girman kai ya same shi, ko rowa, ko yana ɓoye wata cuta.

A cikin gida abin ya fi haka sarƙaƙiya. Magidanci mai mata biyu ko uku ya san abin da barin tuwo a kwano ke nufi ranar girkin wata. Matar da ta ga an taɓa abincinta sama-sama ba za ta ce umarnin likita ba ne, za ta ce an ci an ƙoshi a ɗakin abokiyar zamanta. Idan kuma matar ce mai shirin tiyata, ita ce a bakin murhu, ita ke ɗanɗana miya, ita ke cinye ragowar yara don kada a yi almubazzaranci. Uwar miji na iya ganin ramar da ta fara yi ta ce ɗanta ya daina ciyarwa.

Saboda haka zama da iyali a yi musu bayani yana daga cikin shirin, daidai da gwajin jini. Mai girki ita ce ta fi kowa buƙatar jin bayanin masanin abinci. Kuma ba baƙon abu ake kawo musu ba: koyarwar addini da ke raba ciki gida uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, kowa ya taso yana jin ta a makarantar allo da wajen wa'azi, aiki da ita ne ya yi ƙaranci a gidajen da Allah ya buɗa wa.

Cibiyoyin da suka san aikinsu kan sa mai neman tiyata ya gana da likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Wasu na jin haushin wannan, suna cewa su ba mahaukata ba ne. Tambayar da ake son amsawa mai sauƙi ce: me ke sa ka ci? Akwai mai ci don yunwa, akwai mai ci don ɓacin rai ko kaɗaici ko fargaba. A yankin da mutane suka shafe shekaru suna kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, wasu suka bar zuwa gona suka koma zaman gida ko na shago, ba abin mamaki ba ne abinci ya zama abin rage damuwa. Idan aka rage tumbi aka bar damuwar, za ta nemi wata ƙofa.

Haka nan a daidaita buri. Akasari mutum kan rasa tsakanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa a shekara ɗaya zuwa biyu. Mai kilo 130 zai iya dawowa wajen 95, ba zai koma jikinsa na samartaka ba. Fata kan saki, gashi kan zube na wasu watanni. Ribar ta gaskiya tana wajen suga da hawan jini da gwiwa da barci.

Abin da ba a ɓoye wa likita

Ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda mata da 'yan mata ke saye a kemis, da yawansu na ɗauke da deksa. Wadda ta daɗe tana sha dole ta faɗa, domin maganin na hana rauni warkewa da wuri, yana tayar da suga, kuma yanke shi farat ɗaya na da haɗari. Haka masu shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac kullum saboda gwiwa: bayan baifas suna iya haddasa gyambon ciki. Sigari da shisha ana so a bar su aƙalla mako shida kafin aiki. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma a lissafa su.

Mace mai neman haihuwa ta sani cewa raguwar ƙiba kan sa ciki ya shiga da sauƙi, amma ana so a jinkirta ɗaukarsa wata 12 zuwa 18. Wannan magana ce da za a gama da maigida tun kafin a biya kuɗin asibiti.

Makonni biyu na ƙarshe su ne jarrabawa. Ana ɗora mutum a kan abinci ɗan kaɗan marar mai da suga domin hanta ta saɓe, saboda hanta mai kitse kan rufe tumbi ta hana likita ganin wurin aiki. Likita na iya buɗe na'ura ya ga hantar ba ta ragu ba, ya fasa. Mai shan maganin suga ko allurar insulin kada ya shiga wannan tsari da kansa, domin sugansa na iya faɗuwa ƙasa warwas idan ba a rage maganin ba.

Bayan an dawo gida

Wanda aka yi wa aiki a Alƙahira ko Delhi kwanaki kaɗan zai yi a can. Sauran rayuwarsa a Kaura ko Zurmi zai yi ta, kuma zai sha ƙwayoyin bitamin, da na ƙarin jini, da na ƙarfin ƙashi har iya rayuwa, tare da gwajin jini lokaci-lokaci. Rashin bitamin B12 kaɗai na iya lalata jijiyoyi a hankali ba tare da an lura ba. Zazzaɓi da bugun zuciya da ciwon ciki mai tsanani a makonnin farko na iya zama alamar ɗinki ya yoyo, abin da ba ya jiran gari ya waye, ga shi kuma hanyar Shinkafi zuwa Gusau ba ta bin dare ba ce.

Don haka kafin tafiya ya kamata a samu likitan da zai karɓi mutum idan ya dawo, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Malam Aminu Kano, a kuma taho da cikakken rahoton aikin a rubuce. Yana da kyau a ɗan zauna kusa da babban asibiti na wasu makonni kafin a wuce gida.

Ranar aikin ma a duba ta da kalandar Musulunci. Likitoci kan shawarci wanda aka yi wa aiki ya ɗage azumi a watannin farko, domin tumbin da ke karɓar ruwa kurɓa-kurɓa ba zai iya tara na yini guda tsakanin buɗa-baki da sahur ba. Mai niyyar Umara ko aikin Hajji shi ma ya sa wannan a lissafi, ya tambayi likitansa da malaminsa tun kafin a tsayar da rana.